Wuyan Matan Gidanmu

Tun ina da cikin 'yata Yagana abu ɗaya nake tsoro, kuma ba naƙuda ba ce. Abin da ke zuwa bayan haihuwa nake tsoro. Mahaifiyata Falmata, Allah ya jiƙanta, ta haife ni lafiya, ta yi jegonta lafiya, ta koma ɗakinta. Ban shekara ba aka cire ni daga nono aka kai ni wurin ƙanwarta, Inna Kaltum, wai jikin uwata ya ƙi. Ba ta sake goya ni ba. Ina rarrafe ta rasu. In na tambaya me ya same ta sai a ce zuciya ce, kwana ya ƙare. Shi ya sa duk lokacin da cikina ya motsa, addu'ata guda ce: Allah ka bar ni in yaye abin da ke cikin nan da hannuna.

Sunana Bintu. A unguwar Fezzan na tashi, a nan kuma nake aure. Mijina Modu wankin hula yake yi. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri. Abin da na gani da idona nake faɗa.

Akwai abin da sai na fara gaya muku kafin ku gane sauran. Matan gidan su mahaifiyata an san su a unguwa da abu biyu, cikakken wuya da manyan idanu. In ana biki har nuna su ake yi. Ni ban ɗauko ko ɗaya ba, dangin babana na biyo, wuya siriri, ido ƙanana. Ina yarinya har kuka na yi a kan haka. Inna Kaltum tana da wuyan, yana nan cike a ƙarƙashin lafayarta, amma ita mace ce mai nauyin jiki, maganarta a hankali, muryarta a dushe. Ko da zafin bazara za ka gan ta da safa a ƙafa. Muna tsokanarta, ita kuma ta ce haka Allah ya yi ta.

Na haihu lafiya. Aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyata, muna kiranta Yagana. Na yi wankan jego a wurin Inna, na sha kunu, na yi ƙiba har zannuwana suka matse ni. Da aka yi arba'in na koma ɗakina ina cewa a raina na tsallake. Wata uku ban san ko ciwon kai ba.

A wata na huɗu zafi ya fara. Lokacin sanyi ne, kowa yana neman bargo, ni kuwa a kan siminti nake kwanciya bakin ƙofa, gumi yana bin bayana. Modu ya ce, "Bintu, ke kam murhu kika haɗiye?" Muka yi dariya. Sai yunwa ta biyo. In ci burabisko kwano guda, kafin in wanke hannu cikina yana neman wani. Duk da cin nan ramewa nake yi. Zoben da ya ƙi fita lokacin jego ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke da kansa. Maƙwabta suka ce ai yarinyar ce take tsotse ni, mai shayarwa haka take.

Makon da ya biyo sai zuciya. Ina zaune ban yi aikin komai ba, in duba ƙirjina in ga lafayata tana motsi da kanta. Hannuna kuma ya fara rawa, kaɗan-kaɗan. Ranar da na soke idona da maciyin kwalli na ajiye kwalli. Barci ya ragu. Faɗa ya ƙaru. Na yi wa Modu masifa a kan ya ajiye hular mutane a kan gadon yarinya, abin da yake yi tun da aka haife ta ban taɓa cewa komai ba. Ya tsaya yana kallona kamar baƙuwa.

Ya kai ni kemis. Aka ce maleriya, na sha magani. Bayan mako biyu muka koma, aka ce taifot, aka sa mini ruwa. Ina kwance ruwan yana shiga, zuciyata tana gudu kamar za ta fito ta baki, mai kemis ɗin ya ce tsoron allura ne. Ban riƙe shi a rai ba, amma har yau ina tunanin da ya ɗaga kai ya dubi wuyana sau ɗaya.

Abin da ya fi girgiza ni a wurin bikin suna a gidan wata maƙwabciyarmu ya faru. Na yi wanka na yi turare, na ɗauko sarƙata ta aure, sai ta ƙi zagaya wuyana. Na bar ta na fita haka. Ina shiga gidan sunan Inna Kaltum tana zaune a tabarma da kwanon sinasir a gabanta. Ta ɗago ta dube ni, hannunta ya tsaya a cikin kwanon. Sai hawaye.

"Falmata ce," in ji ta. "Ku duba mini. Wallahi Falmata ce ta shigo."

Tsofaffin da suka san uwata suka taso suka kewaye ni. Wannan ta kama haɓata ta juya fuskata, waccan ta janye lafayar daga wuyana. Suna ta cewa masha Allah, ashe jinin yana nan, haihuwa ce ta fito da shi. Wata ta ce, "Dubi idon nan, ko kwalli ba ya so." Wata ta ce Modu ya ƙara sadaki, an ba shi sabuwar mata. Aka yi ta dariya. Wata matar da ba 'yar unguwa ba ce ta ce a hankali, "Anya wannan ba maƙoƙo ba ne?" Inna ta juya mata. "Maƙoƙo na masu shan ruwan tafki ne. Wannan wuyan gidanmu ne."

Na koma gida na ɗauki madubi. Fari ya fito a saman baƙin idona, kamar wadda aka tsorata ta kasa dawowa daidai. Abin da na yi kuka ina nema ina yarinya ga shi na samu, kuma duk jikina ya yi sanyi. Na ce a raina, in na ɗauko fuskarta, me kuma na ɗauko?

Modu ya ji maganar maƙoƙon. Wani abokinsa ya ce masa a rediyo an ce rashin gishiri mai aidin ke kawo shi. Sai ga shi da ƙunshin gishiri, wai in riƙa lasa da safe. Na lasa. Maƙwabciya ta kawo jiƙo, na sha. Inna ta karɓo rubutu, na sha. Duk wanda ya kawo abu da kyakkyawar niyya ya kawo, na kuma gode musu, amma ƙara lalacewa nake yi.

Ranar da abin ya kai ƙarshe, surukata Hajja ta zo daga unguwar Maisandari duba jikarta. Da hantsi ne, ina yi wa Yagana wanka a baho. Na ɗago ta zan juya ta, hannuna ya kama rawa, ga sabulu, sai ta sulluɓe. Fuskarta ta shiga ruwa. Hajja ce ta fizgo ta. Ba abin da ya same ta sai tari da kuka, amma ni na kasa tashi daga durƙuson.

Hajja ta goge yarinyar ta goya ta, ta jira har Modu ya dawo. Sannan ta ce a kawo ƙoƙo.

"Tatsa a nan," ta ce mini.

Na tatsa. Ta je gindin bango ta kamo kiyashi ta saka a ciki. Ta ce haka iyaye suke gane nono: in kiyashin ya fita da ƙafarsa nonon lafiya yake, in ya mutu a ciki nonon ya ɓaci. Mu uku muka sunkuya a kan ƙoƙon. Kiyashin ya yi ta juyi, ya kusa baki ya koma, ya sake juyi, sannan ya tsaya.

"Kun gani," in ji Hajja. "Zafin da ke cinta ya sauka a nono. Shi ya sa yarinyar take kuka. Zan tafi da ita har uwar ta samu kanta."

Na ce, "Hajja, ku yi mini rai. Ku zauna da mu a nan, ku riƙa yi mata wankan, ni in ba ta nono kawai."

"'Yar nan, ba ƙinki nake yi ba. So kike ki shayar da ita ciwo?"

Na dubi Modu. Ya dubi ƙasa. Daga baya ya ce mini shi ma ƙoƙon yake gani a idonsa. Aka haɗa kayan Yagana a jaka. Ina tsaye a ƙofar gida keke ya tafi da su, kuma abin da ke yawo a kaina shi ne, haka aka yi wa uwata. Ba abin da ya rage sai na ƙarshen.

Kwanakin da suka biyo ba na so in tuna su. Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse, rigata kullum a jiƙe. Zuciyata ta daina hutawa ko kaɗan. Wata safiya na tashi zan ɗora ruwa, na ga tsakar gida tana juyawa, sai farkawa na yi na ga Modu yana yayyafa mini ruwa. A ranar ya rufe rumfarsa ya kai ni babban asibiti.

Layin asibiti sai wanda ya bi shi. Mun je da sassafe muka tarar da mutane sun riga mu. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban, ga benci bai isa ba. Mai gwada bugun jini ta kama hannuna ta dubi agogonta, ta ce, "Gudu kika yi?" Na ce tun safe a zaune nake. Ta sake gwadawa, sannan ta tashi da kanta ta shigar da katina gaba. Ban san sunanta ba. Allah ya saka mata.

Likitar mace ce, daga jin Hausarta 'yar kudancin Borno ce. Ban gama zama ba ta ce in sassauta lafayata. Ta sa na miƙe hannuwa ta ɗora takarda a kai, takardar ta yi ta kaɗawa har tana ƙara. Ta zagaya bayana ta dafa wuyana, ta ba ni ruwa ta ce in haɗiye. Ta ga rigata a jiƙe.

"Ina jaririyar?"

Modu ya ba ta labarin kiyashi. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, ina da zato mai ƙarfi a kan abin da ke damunta, amma sai jini ya tabbatar. Abin da na sani yanzu, ba nononta ne ke da laifi ba. Ke kuma ki riƙa tatsewa kullum kada ya ƙafe, za ki buƙace shi." Ta ba ni ƙwayar da ke rage gudun zuciya, ta ce in bar lasar gishiri, wanda ke cikin miya ya isa. Ta rubuta gwajin jini. Ta ce in zan dawo in zo da wanda ya san tarihin gidanmu.

Gwajin ba a yi shi a asibitin ba, wai kayan aikin sun ƙare. Sai wani ɗakin gwaji can wajen GRA, kuma ɗaya daga ciki sai an tura jinin wani gari. Da aka faɗi kuɗin Modu ya cire hularsa ya mayar. 'Yan kunnena na zinariya suka tafi a nan. Muka jira fiye da mako. Modu ya je Maisandari ya gaya wa Hajja abin da likita ta ce, ta amsa masa da cewa likitar ba ta ga kiyashin ba. In na kira waya sai Hajja ta kara wa Yagana a kunne, in ji numfashinta kawai. Ina tatsar nono ina zubarwa a gindin dalbejiya.

Ranar komawa Inna Kaltum ce ta raka ni, da safarta da komai. Likita ta duba takardun ta ce abin da ta zata ne. Sai ta jawo kujerarta kusa, ta yi mini bayani. Zan faɗa yadda na riƙe shi.

Ta ce a gaban wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, sunansa tayirod. Shi ke zuba wa jini wani sinadari da ke gaya wa jiki yadda zai ci wuta, zuciya ta buga da sauri ko a hankali, abinci ya ƙone da wuri ko ya daɗe. Amma ba shi ke yanke wa kansa hukunci ba. Daga ƙasan ƙwaƙwalwa ake aiko masa saƙo ta jini, ƙara ko rage. Ta ɗauki kwaɗon durowarta ta nuna mini. Ta ce a jikin naman nan akwai ƙananan kwaɗuna da ido ba ya gani, saƙon ƙwaƙwalwa kuma shi ne makullinsu.

"To a jininki akwai masu gadi," in ji ta. "Aikinsu su gane baƙo, ƙwayar cuta, su ƙera abin da zai manne mata a kashe ta. Abin da suke ƙerawar muna ce masa antibodi. Tun suna ƙanana ake koya musu su san 'yan gida, kada su taɓa su. Naki wasu sun manta darasin. Sun ɗauki kwaɗon wuyanki a matsayin baƙo, suka ƙera masa antibodi. Abin mamakin, wanda suka ƙera ya zo daidai da ramin makullin. Ya shiga ya murɗa, ya kuma ƙi fita."

Ta nuna mini lambobi biyu a takardar. Ta ce ɗaya saƙon ƙwaƙwalwa ne, ya sauka har kusan babu, domin ƙwaƙwalwa ta ga wuta ta yi yawa ta daina aikawa gaba ɗaya. Ɗayan kuma sinadarin wuyan ne, ya hau sama sosai, domin naman bai san makullin jabu ne ba, aiki kawai yake yi dare da rana har ya kumbura. Ta ce irin kwaɗon nan akwai shi a naman da ke bayan ido, shi ya sa can ma ya kumbura ya turo idon waje.

Na ce, "Likita, wani ne ya sa mini?"

"Ba wanda ya sa miki. Ba ki ci a abinci ba, ba ki ɗauka a wurin kowa ba."

Wannan ya fi komai ɗaure mini kai. Na shirya jin an ce sammu ne, ko iska, ko wata cuta ta shigo. Ban shirya jin cewa jikina ne da kansa ba. Na tambaye ta me ya sa sai yanzu. Ta ce lokacin da mace ke da ciki masu gadin nan lafawa suke yi, domin ɗan da ke ciki rabinsa na uba ne, in ba su lafa ba za su far masa. In an haihu sai su farka, wani lokaci su farka da ƙarfin da ya wuce kima. Shi ya sa yake yawan kama mata a watannin bayan haihuwa. Ta ce kuma halin mantuwar nan yana bin jini a wasu gidaje. Ba ciwon ake gada kai tsaye ba, saurin kamuwa da shi ake gada.

Sai ta juya wurin Inna. "Mama, a gidanku akwai mai irin wannan?"

Inna ta gyara zama. Ta ce ciwo kam babu, amma kama akwai. Ta fara ba da labarin uwata da alfahari, yadda na saba ji. Falmata mai ido, Falmata mai wuya. Bayan ta haifi Bintu kyanta ya ƙaru. Ba ta zama wuri ɗaya, aikin mata uku take yi. Ga ci amma ba ta ƙiba. Da sanyi a waje take kwana. In ta miƙo maka shayi sai ka yi sauri ka karɓa, don rabinsa a ƙasa yake ƙarewa.

A nan Inna ta tsaya. Likita ta riga ta ajiye biro.

"Shi ne?" in ji Inna.

"Ban gan ta ba, Mama, ba zan rantse ba. Amma in aka bar wannan ciwon ba magani, zuciya yake gajiyarwa."

Inna ta sa bakin lafaya ta rufe fuskarta. Ni ko kukan ban iya ba. Shekara da shekaru ana yaba mini idon uwata, ashe ciwon da ke cinta ake yabo, a gaban kowa, a wurin biki.

Likita ta bari Inna ta natsu, sannan ta ce, "Mama, safar nan fa, da zafin nan?" Ta roƙe ta ta sassauta lafaya. Ta dafa wuyanta, ta dubi fatar hannunta da girarta da ta zube. Ta ce ita ma a gwada ta. Ta ce masu gadin nan ba hanya ɗaya suke ɓata ba. A wurin wata su murɗa makulli wuta ta yi yawa, a wurin wata kuma su far wa naman da kansa suna cinsa a hankali, shekara da shekaru, har wutar ta kusa mutuwa. Sai sanyi, sai nauyin jiki, sai dushewar murya. Gida ɗaya ana iya samun duka biyun. Da sakamakon Inna ya fito daga baya, haka ɗin ne.

Ni dai tambayata ɗaya ce. "Likita, zan iya ba 'yata nono?"

Ta ce in ba ta. Ta ce ciwon ba ya bin nono ya kama yaro, kuma maganin da za ta ɗora ni a kai, a adadin da za ta ba ni, mai shayarwa tana sha. In sha shi da zarar na gama ba ta, kuma za su riƙa duba girman yarinyar. Ta ce maganin ba ya cire makullin jabun, hana naman dafa sinadarin yake yi, a jira masu gadin su huce. Zai ɗauki fiye da shekara. Ta ja mini kunne a kan abu biyu. In na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro in tsayar da maganin in zo a ranar, kada in biya kemis. Kuma kada in sake ɗaukar ciki ba tare da ta sani ba, domin abin da ba ya cutarwa ta nono yana iya ratsawa ta mahaifa.

Daga asibiti ba mu koma Fezzan ba. Inna ta tare keke ta ce Maisandari. Ban taɓa ganin ta yi sauri ba sai ranar.

Muka tarar da Hajja a inuwa tana dama wa Yagana madarar gwangwani. Aka gaisa, wushe wushe, ya gida ya jiki. Inna ta faɗi abin da likita ta ce. Hajja ta ce ita ba ta ƙi likita ba, amma abin da ido ya gani ya gani.

"Hajja," in ji Inna, "an yi wa Falmata gwajin nan ina tsaye. Aka ba ni yarinya na tafi da ita. Ga yarinyar nan a gabanki, ga kuma inda Falmata take. Ba ni kofin nan."

Ta karɓi madarar da Hajja ta dama, ta zuba kaɗan a murfi. Ta sunkuya da ƙyar ta kamo kiyashi a gindin randa ta saka. Muka zuba ido. Ya yi juyi, ya yi juyi, ya tsaya.

"To wannan da kike ba ta fa, ita ma ta ɓaci?"

Hajja ta leƙa murfin. "Ya Kaltum, wannan kiyashin dama gajiyayye kika kamo."

"Kamo naki."

Hajja ta kamo nata da hannunta, ƙato. Shi ma can ya ƙare. Ta daɗe tana kallon murfin. Sannan ta kwance goyon ta ce, "Ni dama bayana ya gaji. Karɓi 'yarki. Amma wanka ni zan zo in riƙa yi mata har hannunki ya tsaya." Ta kuwa cika alkawari, kullum sai ta zo, ba ta taɓa fashi ba. Wannan ma ba zan manta mata ba.

Na karɓi Yagana na sa ta a nono, sai ta kau da kai. Ta kalli idanuna ta fashe da kuka, tana miƙa wa Hajja hannu. Duk abin da na sha a ciwon nan, wannan ne ya sa ni kuka a gaban mutane. Ta saba da kwalba, ta kuma manta ni. Inna ta ce in bar tilasta mata, in cire riga in kwantar da ita a ƙirjina kawai ta ji warina. Haka muka yi kwanaki, tana ƙi ina sake gwadawa, nonon ma ya ragu. Wata rana da azahar tana cikin magagin barci ta laluba da bakinta ta kama. Na ƙi motsi har ƙafata ta mutu, don kada ta farka ta tuna ta ƙi ni.

Yanzu Yagana tana gudu a tsakar gida. Ni na yaye ta, da hannuna, lokacin da ya kamata. Har yau ina shan magani, an rage shi, ana gwada jinina lokaci-lokaci, kuma likita ta ce ko an tsayar yana iya dawowa. Kuɗin gwaji bai daina ba mu wahala ba, layin ma bai ragu ba. Zuciyata ta kwanta, hannuna ya tsaya, na koma sa kwalli. Idon ne bai koma yadda yake ba gaba ɗaya, hayaƙin turaren wuta ma yana sa shi ruwa, sai na rage. Inna tana shan 'yar ƙwayarta kowace safiya, an ce ita har ƙarshen rayuwa. Ta cire safa. Yanzu in tana faɗa ana jin ta daga zaure, Modu ya ce da an san haka da an bar ta da sanyinta.

Har yanzu akwai masu ce mini idona ya yi kyau. Ba na fushi, sai in zaunar da su in ba su labarin nan. In ina yi wa Yagana wanka kuma hannuna yakan tsaya a wuyanta. Likita ta ce ba lallai ta samu ba. In ma ta samu, ba za a yabe ta a kai a bar ta ba.

Roƙona gare ku ƙarami ne. In kuna da mace da ta haihu, kuka ga tana ci tana ramewa, tana gumi a lokacin sanyi, hannunta yana rawa, ko kuma ta yi nauyi tana jin sanyi a lokacin zafi, ku ce ta sassauta lafaya ku dubi wuyanta, ku kai ta a gwada jininta. Kafin sakamakon ya fito, ku taya ta riƙe ɗanta, amma kada ku ɗauke mata shi. Wanda ya karanta kuma ya sa Falmata a addu'a.